Ibrahim al-Koni da Raƙumin da Ya Fi Zinariya

Duk wanda ya tambaye ni littafin da zai karanta bana, amsa ɗaya nake ba shi: ya nemi At-Tibr na Ibrahim al-Koni, wato garin zinariya. Ɗan siririn littafi ne da ya fito da Larabci a 1990, Elliott Colla kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 2008 da sunan Gold Dust. Mutum zai iya gama shi daga la'asar zuwa isha'i, amma wallahi sai ya yi makonni yana jin ƙarar iskar Sahara a kunnensa.

Marubucin Ba'abzine ne, an haife shi a 1948 a hamadar Libiya, kusa da Gadamas. Da harshen Abzinawa ya buɗe baki, bai koyi Larabci ba sai da ya kai shekara 12. Daga nan ya tafi Mosko ya yi karatun adabi a Cibiyar Maxim Gorky, ya zauna a Poland, ya daɗe a Switzalan. Yaron da ya shiga Larabci a makare shi ne ya zo ya rubuta littattafai sama da 80 da shi, har sunansa ya shiga jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe na kyautar Man Booker ta duniya a 2015. Wannan kaɗai ya isa mutum ya jinjina masa.

Labarin na wani saurayi ne, Ukhayyad, ɗan shugaban ƙabila, da raƙuminsa mai dabbare-dabbare, irin na tsere da ake kira mahari. Yana alfahari da shi, yana yi masa waƙa, yana hawansa zuwa zance. Sai raƙumin ya kamu da ƙazuwa, fatarsa ta lalace, kyan ya gushe. Aka ce masa maganin wani tsiro ne na daji wanda ke warkarwa amma yana haukatarwa. Ya kai shi ya ci. A nan ne al-Koni ya rubuta shafukan da ban taɓa karanta irinsu ba. Raƙumi ya haukace ya yanki daji a guje, Ukhayyad ya ƙi sakinsa, aka ja shi bisa duwatsu da ƙaya har tufafinsa suka yage, jikinsa ya saɓule. Ita ma fatar raƙumin ta kwaɓe, jinin mutum ya gauraya da na dabba, suka zama 'yan'uwa na jini a zahiri. Ƙishirwa ta kusa kashe su, saurayin ya faɗa rijiya, raƙumin ne ya jawo shi waje. Ina karantawa maƙogwarona yana bushewa, sai da na tashi na sha ruwa.

Bayan wannan duniya ta juya. Ukhayyad ya auri Ayur, wata mawaƙiya da ta zo daga Azbin, ba da yardar mahaifinsa ba. Sojojin Italiya suka shigo, uban ya mutu a fagen daga, ƙabilar ta watse, yunwa ta kore su zuwa zaman dausayi. Da ya ga matarsa da ɗansa za su hallaka, sai ya jinginar da raƙumin wurin Dudu, wani attajiri ɗan'uwan matar. Raƙumi ya yi ta tsinke akala yana dawowa gida, a rame, jiki duk tabo. Dudu kuwa ya gindaya sharaɗi: a saki Ayur, a karɓi raƙumi. Ya kuma haɗa masa da jakar garin zinariya, kuma wannan jakar ce ta zama masifa, don nan da nan labari ya bazu cewa ɗan babban gida ya sayar da matarsa da ɗansa. Ba zan faɗi yadda aka ƙare ba. Na dai ajiye littafin hannuna na rawa.

Abin da ya sa nake ta yayata shi ga 'yan'uwana Hausawa shi ne, mun san mutanen nan, ko kuwa muna zaton mun san su. Mun saba ganin Buzu mai gadi a ƙofar gidan attajiri a Kano ko Kaduna, ya ja amawali, takobi a gefe, butar shayi bisa gawayi. Kakanninmu sun sayi gishirin Bilma daga ayarinsu, Agadas kuwa gari ne da Hausa ke yawo a kasuwarsa. Amma mu nawa ne muka tsaya muka tambayi abin da ya rabo mai gadin nan da garkensa? Farin 1973 da na 1984 sun cinye dabbobi, kafin su kuma Turawa sun ja layukan da suka raba jama'a ɗaya tsakanin Libiya, Aljeriya, Nijar, Mali da Burkina Faso, suka zama 'yan tsiraru a ko'ina. A Libiya ta Gaddafi an ɗauki kowa Balarabe ne, har aka hana raɗa wa yara sunayen da ba na Larabci ba. A cikin wannan yanayi al-Koni ya ɗauki Larabcin, ya cika shi da sunayen rijiyoyi da kwaruruka na mutanensa, da tatsuniyoyinsu, da allahiyarsu ta dā Tanit wadda ke zaune gefe guda da shehunan Sufaye a zuciyar makiyayi. A littafinsa birni ne ƙauye, hamada ce cibiya. Kuma bai yi musu kwalliya ba ko kaɗan: akwai girman kai, akwai tsegumi mai kisa, akwai bayi da iyayengiji, akwai Ayur da aka yi cinikinta ba a ji ta bakinta ba. Wannan gaskiyar ce ta sa na ƙara amincewa da shi.

Wanda ya gama wannan sai ya zarce zuwa Nazif al-Hajar, shi ma na 1990. Asouf makiyayi ne shi kaɗai a kwarin Matkhandoush, inda mutanen dā suka sassaƙa hotunan dabbobi a jikin duwatsu. Tun ranar da ragon dutse ya cece shi daga faɗawa rami ya daina cin nama. Sai ga wani mai suna Ƙabila, mayen nama, ya iso da mota da bindiga, bayan ya ƙarar da barewa da taimakon jirgin sama mai saukar ungulu na wani hafsan Amurka, yana neman Asouf ya nuna masa maɓoyar ragon dutse. Asouf ya ƙi. Wanda ya san ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu biyu tun daga makarantar allo zai ji tsikar jikinsa ta tashi tun kafin ya kai shafin ƙarshe.

A 2010 an ba al-Koni kyautar ƙagaggen labarin Larabci a Alƙahira, ya sadaukar da kuɗin ga yaran Abzinawa na Mali da Nijar. Burina yanzu shi ne wani gwanin Larabci daga Kano, Sakkwato ko Damagaram ya zauna ya juya At-Tibr zuwa Hausa kai tsaye daga asalinsa. Muna da kalmomin raƙumi da na ayari da na fari a bakinmu, kuma akwai Abzinawa da yawa a Agadas da Tawa da za su ji labarin Ukhayyad da Hausa a rediyo tun kafin kwafin Larabci ya iso hannunsu.