Sauyin Babban Tauraro a Wasan Talabijin: Nazarin Sinclair da Sheridan a Cikin Babylon 5

Gabatarwa

Marubucin ƙagaggen labari yana da iko a kan taurarinsa tun daga shafin farko har zuwa na ƙarshe. Ba wanda zai kwanta masa ciwo a tsakiyar littafi, ba kuma wanda zai ce kuɗin aiki ya yi masa kaɗan. Marubucin wasan talabijin mai dogon zango ba shi da wannan gata, domin kowane tauraro nasa yana rataye ne a wuyan ɗan wasa, shi kuwa ɗan wasa mutum ne mai uzuri. Idan uzurin ya faɗa a kan babban tauraro, wasan yana iya rushewa baki ɗaya.

A wannan maƙala za mu duba yadda wasan Babylon 5 na ƙasar Amurka ya fuskanci wannan matsala. Wasan yana cikin rukunin ƙagaggun labaran kimiyya, wato rukunin da masu karatun Hausa suka ɗanɗana a littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Za mu kwatanta manyan taurarinsa biyu, Jeffrey Sinclair da John Sheridan, sannan mu auna sauyin da aka yi tsakaninsu da wani sauyi da aka yi daga baya a cikin wasan. Ra'ayinmu shi ne, sauyin tauraro yana karɓuwa ne idan sabon ya zo da nasa nauyin da labarin yake bukata a daidai wannan gaɓa, kuma aka sallami tsohon ta hanyar da za ta cika alkawuran da aka yi wa mai kallo a kansa.

Taƙaitaccen Bayanin Wasan

J. Michael Straczynski ne ya ƙirƙiro Babylon 5. An nuna fim ɗin share fage a 1993, wasan kansa kuma ya gudana daga 1994 zuwa 1998, cikin zango biyar masu ɗauke da kashi 110. Daga ciki Straczynski ya rubuta 92 da hannunsa. Ya tsara wasan ne kamar littafi guda mai farko da tsakiya da ƙarshe, kowane zango yana matsayin shekara ɗaya a cikin labarin, daga 2258 zuwa 2262.

Dandalin labarin wata tasha ce a sararin samaniya mai tsawon mil biyar, wadda 'yan Adam suka gina domin jakadun al'ummomin duniyoyi daban-daban su riƙa zama suna sasanta rigingimunsu. An gina ta ne bayan wani mummunan yaƙi tsakanin mutanen Duniya da al'ummar Minbari. A wannan yaƙi Minbari sun ci galaba har suka iso bakin Duniya, sai kwatsam suka miƙa wuya ba tare da bayyana dalili ba. Wannan ɗaurin kai shi ne ƙashin bayan zango na farko.

Sinclair: Tauraro Mai Waiwaye

Kwamanda Jeffrey Sinclair, wanda Michael O'Hare ya fito a matsayinsa, yana cikin 'yan tsirarun da suka tsira a gumurzun ƙarshe na kare Duniya. A wannan rana ya suma a cikin ƙaramin jirgin yaƙinsa, ya farfaɗo bayan sa'o'i 24, ya tarar an gama yaƙi. Abin da ya faru a waɗannan sa'o'i ya ɓace masa ƙaf. Daga baya kuma Minbari ɗin da ya yaƙa su ne suka nace a ba shi shugabancin tashar, alhali akwai hafsoshi da yawa da suka fi shi muƙami.

Saboda haka Sinclair mutum ne da fuskarsa ke kallon baya. An nuna shi mai ƙarancin magana, mai zurfin ciki, wanda ya yi karatu a hannun limaman Kirista na ɗariƙar Jesuit, kuma yakan jefa kansa cikin haɗari kamar wanda ke jin kunyar cewa ya rayu abokansa sun mutu. Idan rikici ya taso yakan warware shi da wayo da sanin doka fiye da ƙarfin bindiga. A kashin da leburorin tashar suka shiga yajin aiki, gwamnati ta ba shi ikon kawo ƙarshen yajin ta kowace hanya, shi kuwa sai ya yi amfani da wannan iko ya karkatar da kuɗin soja ya biya wa leburorin bukatunsu.

Irin wannan tauraro ya dace da zangon shimfiɗa, inda ake gabatar da al'ummomi ana binne asirai. Rauninsa shi ne, tambayar da ke tafiyar da shi guda ɗaya ce, kuma amsarta tana hannun wasu. Da zarar an faɗa masa abin da ya faru a sa'o'in nan 24, marubuci zai rasa abin da zai ci gaba da tura shi.

Sheridan: Tauraro Mai Fuskantar Gaba

A farkon zango na biyu, cikin 1994, mai kallo ya tarar an tura Sinclair jakadanci duniyar Minbar, an kawo Kyaftin John Sheridan, wanda Bruce Boxleitner ya fito a matsayinsa. Marubucin bai yi ƙoƙarin kawo mai kama da Sinclair ba. Sheridan mai fara'a ne, mai yawan murmushi, mai son labari, kuma soja ne da ya yi imani da rigar da ke jikinsa. Dangantakarsa da Minbari ma kishiyar ta Sinclair ce. Shi ne ya tarwatsa babban jirgin yaƙinsu mai suna Black Star ta hanyar ɗana masa bama-baman nukiliya a tsakanin duwatsun sarari, abin da mayaƙan Minbari suka ɗauka a matsayin yaudara. Wato an cire wanda Minbari suka zaɓa, an kawo wanda suka fi tsana.

Hausawa na cewa idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A ƙarshen zango na farko an kashe shugaban Duniya Luis Santiago, mataimakinsa Morgan Clark ya hau mulki ya fara kama-karya. A lokaci guda wata tsohuwar al'umma da ake kira Shadows, wato Inuwoyi, ta fara motsi. Labarin ya tashi daga binciken asiri ya koma yaƙi da tawaye. A nan ne hikimar sauyin ta bayyana. Sinclair dama bai yarda da manyansa ba, don haka bijirewarsa ba za ta girgiza kowa ba. Sheridan kuwa gwamnatin Clark ta amince da naɗinsa ne bisa zaton soja ne mai biyayya. Lokacin da ya ɓalle tashar daga mulkin Duniya a kashi mai suna Severed Dreams, wanda ya ci kyautar Hugo a 1997, mai kallo ya ga mutumin da ya saɓa wa abin da ya fi ƙauna. Nauyin wannan kashi ya dogara ne a kan biyayyar da aka kwashe zango guda da rabi ana ginawa.

An kuma ba Sheridan miki na kansa. Matarsa Anna ta ɓace a wani jirgin bincike da ya sauka a Z'ha'dum, mahaifar Inuwoyi. Ta haka yaƙin da ya shafi duniyoyi ya zama kuma lamarin gidansa. Mai kallo mai lura zai tuna cewa budurwar Sinclair, Catherine Sakai, ita ma aikinta binciken duniyoyi ne, kuma ta ɓace daga wasan tare da shi. Muna ganin wannan shi ne wurin da ɗinkin ya fi fitowa fili, domin an ajiye zaren da aka fara saƙawa, aka ɗauko wani mai kama da shi aka ɗaura wa sabon tauraro.

Yadda Aka Sallami Sinclair

A shekarun da ake nuna wasan, bayanin da aka bayar shi ne an rabu da O'Hare cikin fahimtar juna domin amfanin labarin. Bayan rasuwarsa a 2012, Straczynski ya bayyana a 2013 cewa ɗan wasan ya yi fama da matsananciyar lalurar tabin hankali tun ana ɗaukar zango na farko. A cewarsa, ya yi tayin dakatar da aiki har O'Hare ya samu sauƙi, amma O'Hare ya ƙi domin kada abokan aikinsa su rasa abincinsu, ya daure ya kammala zangon. Sun yi alkawari ba za a faɗi gaskiyar lamarin ba sai bayan ransa. Wannan bayani ya kamata ya sa masu cewa wasan O'Hare ya yi sanyi su sassauta harshe, ko da yake bai hana a auna abin da ya fito a allo ba.

Abin da ya fi jawo hankalin mai nazari shi ne yadda aka rufe labarin Sinclair. Tun a zango na farko an nuna tashar Babylon 4, wadda ta ɓace shekarun baya, ta sake bayyana na ɗan lokaci, aka kuma hango Sinclair a cikinta da alamun tsufa. A zango na uku, cikin 1996, O'Hare ya dawo a kashi biyu masu suna War Without End. Sinclair ya ɗauki Babylon 4 ya koma da ita shekara dubu baya, ya rikiɗe ya zama Valen, jagoran da ya kafa tsarin rayuwar Minbari, wanda suke girmamawa fiye da kowa. Wannan ne ya fayyace dalilin miƙa wuyansu: da suka kama shi a ranar gumurzu, sun ga alamar ruhin Valen a tare da shi. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana waiwaye ya ƙare a can bayan da yake waiwaya. Da wuya a sami sallamar da ta dace da halin tauraro kamar wannan.

Sauyin da Bai Zauna Ba

Straczynski ya sha faɗin cewa ya tanadar wa kowane tauraro ƙofar fita, saboda ya san shekara biyar ba ta wucewa ba tare da wani ya tafi ba. Amma tanadin ƙofa bai isa ba, kamar yadda zango na biyar ya nuna. Claudia Christian, wadda ta fito a matsayin Susan Ivanova, mataimakiyar kwamandan tashar, ta bar wasan bayan zango na huɗu. Sheridan ya zama shugaban sabuwar ƙungiyar ƙawancen duniyoyi, kujerar kwamanda ta zama fanko, sai aka kawo Kyaftin Elizabeth Lochley, wadda Tracy Scoggins ta fito a matsayinta.

A kan takarda Lochley tana da abin da ake bukata. Ba ta bi Sheridan a tawayensa ba, kuma sun taɓa yin aure na ɗan lokaci a ƙuruciyarsu. Da an bi wannan zare da gaske, da ta zama bakin da zai tambayi Sheridan ko soja yana da hurumin juya bindiga ga gwamnatinsa. An taɓo batun sama-sama aka wuce. Babban rikicin rabin farko na zangon kuwa na masu karanta tunanin mutane ne da suka nemi mafaka a tashar. Ivanova tana ɓoye irin wannan baiwa, kuma mahaifiyarta ta kashe kanta sakamakon magungunan da hukumar kula da irin waɗannan mutane ta tilasta mata sha. An kwashe zango huɗu ana tara wannan itace, da lokacin kunna wuta ya yi sai aka nemi mai itacen aka rasa. Lochley ta gaji kujerar Ivanova, amma rikicin bai taɓa zuciyarta ba, shi ya sa mai kallo ma bai ji shi a jikinsa ba. Ita kuma Ivanova an sallame ta da 'yan jimloli a bakin wasu, sai dai ganinta da aka yi a kashin ƙarshe, wanda tun a ƙarshen zango na huɗu aka ɗauke shi.

Abin da Aka Rasa

Duk da yabon da muka yi wa zuwan Sheridan, sauyin ya ci wani abu. Daga lokacin da ya mutu a Z'ha'dum aka dawo da shi da aron shekara 20, marubucin ya fara ɗaga shi sama da sauran mutane. Jawabansa suka yi tsawo, kusan duk wanda ya ja da shi sai labarin ya nuna shi ne mai kuskure. Shakkar kai da ke tattare da Sinclair, wadda ke sa mai kallo ya ji yana tare da ɗan Adam irinsa, ta yi ƙaranci a zango biyu na ƙarshe. Wannan ne ya sa muke ganin taurarin da suka fi kowa rai a wasan su ne jakadu biyu, Londo Mollari da G'Kar, waɗanda Peter Jurasik da Andreas Katsulas suka riƙe tun daga fim ɗin share fage har zuwa zango na biyar. Gabarsu da ta rikiɗe ta zama abota ta samu shekara biyar cur tana nuna a hannun mutum biyu, ba tare da an katse ta ba.

Kammalawa

Mun ga sauyi biyu a wasa ɗaya, daga alƙalamin marubuci ɗaya, ɗaya ya zauna ɗaya bai zauna ba. Sheridan ya shigo da halin da ya saɓa da na magabacinsa, a lokacin da jigon wasan ke bukatar wannan hali, Sinclair kuma aka biya wa mai kallo bashin da ake binsa a kansa. Lochley ta shigo ta tarar da rikicin da aka ɗinka daidai jikin wata. Masu shirya wasanni masu dogon zango cikin harshen Hausa su ma suna fuskantar tafiyar 'yan wasa a tsakiyar labari, kuma ɗalibanmu da ke sha'awar rubuta irin waɗannan wasanni za su tarar da ita. Kafin a nemi wanda zai maye gurbi, ya kamata marubuci ya zauna ya lissafa alkawuran da ya ɗaukar wa mai kallo a kan tauraron da zai tafi, ya kuma tantance abin da labarin ke nema daga wanda zai shigo.