Dagi Kaɗai Ba Ya Mai Da Zane Na Arewa

Duk mai shiga otal-otal da bankuna da manyan ofisoshi a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san zanen da zai tarar a bango tun kafin ya ɗaga kai. Ko dai mahaya a hawan daushe, ko Bafulatana ɗauke da ƙwaryar nono, ko ƙofar gari da rana tana faɗuwa a bayanta. In kuwa mai zanen yana son a ce aikinsa na zamani ne, sai ya kwarara launuka a kan kyalle, ya dasa dagi a tsakiya, shi ke nan zane ya zama na Arewa. Da yawan matasan da ke wannan aiki suna da hannu ƙwarai, kuma ban ga laifin wanda ya zana abin da za a saya ba, domin fenti da burushi ba kyauta ake ba da su ba. Abin da ke damuna shi ne inda suke ɗebo abin zanawa. Yawanci daga hoton waya ne, hoton da wani ya ɗauka, wani ya ƙara masa haske, ya zagaya Instagram har ya gaji. Idon mai zanen bai taɓa sauka a kan wurin ba.

Ana gane wannan daga launi. Sararin samaniyar da ke cikin waɗannan zane-zane shuɗi ne tas, ko ja jawur irin na katin gaisuwa. To amma wanda ya tsaya a kan Dala da hantsi a watan Janairu ya san sama ba ta da shuɗi ko kaɗan. Hazo ya haɗe ta da ƙasa, Goron Dutse ya koma inuwa, rufin gidaje da bishiyoyin darbejiya duk sun zama launi ɗaya tsakanin toka da ƙasa-ƙasa, rana kuma farar tasa ce da za ka iya kallo ido da ido. Claude Monet ya yi ta zarya daga Faransa zuwa Landan wajen shekarar 1900 don kawai ya zana hazon kogin birnin. Mu namu hazon yana zuwa mana har gida watanni a jere kowace shekara, amma da wuya ka gan shi a kan kyalle, saboda wayar da ta ɗauki hoton ta riga ta goge shi.

Akwai wata magana da nake yawan ji daga masu kallo, har da wasu masu zanen, wai zanen da ba ya kwaikwayon surar komai, wanda layi ne da launi zalla, baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Wannan magana ba ta da tushe a ƙasar Hausa. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga ba hoton kowa ba ce. Haka zayyanar da ake yi wa allo idan yaro ya yi sauka, haka sassaƙar ƙwarya, haka adon fata na dukawa. Uwa uba zanen gida, wanda magini ke fitarwa da yatsu a jikin ɗanyen yaɓe a fuskar zaure a Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram. Maginin ya san cewa tudu da kwarin zanensa da inuwa suke aiki, don haka abin da ka gani da safe daban yake da wanda za ka gani bayan la'asar. Kuma ba mutum ne mai tsoron sabon abu ba: da keke da mota da jirgin sama suka shigo gari, sai ga su a bangon gidajen Zariya, an lanƙwasa su sun shige cikin tsarin da ya tarar. Shi da kansa bai tsaya kan dagi kaɗai ba. Mu ne muka tsinci alama ɗaya daga cikin ɗimbin aikinsa muka mai da ita hatimi.

Shi ya sa nake ganin mai zanen gine-gine yana cutar kansa idan ya tsaya a waje yana kwafe ƙofa. Ya shiga ciki. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 yana nan, an lulluɓe shi da sabon gini, amma bakan gizonsa da ɗaurin gugansa suna tsaye. Wanda ya zauna a ƙarƙashinsu ya bi yadda kowane baka ke tashi daga ginshiƙi ya je ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, ya fahimci cewa gajerun azara ne aka ɗaure ɗaya bisa ɗaya aka lulluɓe da ƙasa, zai fito da darasin yadda ake raba fili da yadda nauyi ke zama a kan layi. Wannan darasi yana shiga kowane irin zane, ko da babu masallaci a cikinsa. A Nijar ma, magini Falke Barmu ya fara masallacin Yama a yankin Tawa a 1962, kuma ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, da ƙasa da itace. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tare da tsohon garin a 2013. Har kayan aikin kansu launi ne: jan makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da tokar laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Mai zanen da ya taɓa shafa hannunsa a bangon da aka yi wa makuba zai daina matso ruwan ƙasa kai tsaye daga kwalba yana cewa ya zana soro.

Misalin da ya fi zama mini hujja daga Sudan yake. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a makarantar Slade ta Landan a shekarun 1950, ya koma gida da salon da aka koya masa, sai ya ga mutanensa ba su kula da aikin ba. Bai ce jahilai ne ba. Ya koma ya dubi abin da suke ratayewa a ɗakunansu da abin da ya tashi yana gani, wato rubutun Larabci da adon tabarma da na faifai, ya warware haruffan har suka zama layuka da siffofi nasa na kansa. Daga baya ya shafe shekaru yana zana bishiya ɗaya da ake kira haraza a bakin Nilu. Ita ce gawonmu, mai zubar da ganye da damina ta yi kore da rani. A wasu zane-zanen nasa babu reshe babu ganye, sai miƙaƙƙun layuka a jere, amma taurin kan bishiyar yana nan. A 2013 gidan baje kolin Tate Modern ya yi masa nunin aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Gawon nan yana tsaye a gonakin Katsina da Maraɗi da Daura, yaran da ke shiga sashen zane a jami'a sun yi kiwo a ƙarƙashinsa, kuma allon da El-Salahi ya faro daga kansa sun riƙe irinsa a hannu.

Tambayar inda za a ɗebo abin zanawa ma ba sabuwa ba ce a nan. A 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suna cewa a karɓi dabarar Turai amma a ɗebo abin faɗa daga gida. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Kowa ya tafi da darasin garinsu. Garin da aka yi muhawarar a cikinsa, mai bangon da ya fi ko'ina ado, har yau 'ya'yansa ba su ci rabonsu daga wannan darasi yadda ya kamata ba.

Ga kuma wata dama da ba a cika faɗa ba. Iyaye da yawa suna hana 'ya'yansu zane saboda hukuncin surar abu mai rai, kuma damuwarsu ta addini ce ta gaskiya, ba abin rainawa ba. Amma dutse da bishiya da gini da layi da launi, jumhurun malamai ba su ga matsala a kansu ba. Ashe ɓangarori ukun nan, shimfiɗar ƙasa da gine-gine da zane maras sura, su ne ƙofar da ta fi faɗi ga yaro Bahaushe Musulmi. Kufena da Kwatarkwashi da fadamun Haɗeja ba su da mai zana su da gaske, ganuwar Kano kuwa kullum raguwa take, ana cin ta da gini da ɗibar ƙasa, tsofaffin gidajen ƙasa ana rushe su a sa bulo.

Don haka abin da nake nema daga malaman zane a jami'o'i da kwalejojin ilimi abu ne mai yiwuwa. A fitar da ɗalibai daga aji da takarda da gawayi, a hana su aiki daga hoto na zango ɗaya cur. A haɗa su da Sarkin Magina da sauran tsofaffin magina da masu ɗinkin hannu da masu zayyana, a biya waɗannan mutane kuɗin koyarwa kamar kowane malami, tun da sauransu a raye. Masu saye kuma, musamman otal-otal da bankunan da ke cika bangonsu da zane, su riƙa tambayar mai zanen wane wuri ne wannan, da wane lokaci na shekara ya tsaya a can.