Tsuntsayenmu a Bakin Baƙi: Sharhi kan Littattafan Alexander da Buchanan

Littattafai biyu zan ɗora a faifai, duka na Turanci, duka kuma sun haura shekara ɗari a duniya. Na farko shi ne From the Niger to the Nile, wato daga Kwara zuwa Nilu, na Boyd Alexander, wanda ya fito a 1907 cikin juzu'i biyu. Na biyu shi ne Out of the World North of Nigeria na Angus Buchanan, wanda aka buga a Landan a 1921. Marubutan duka sojoji ne, kuma duka son tsuntsaye ne ya kawo su ƙasarmu. Ɗaya ya bi ruwa, daga Binuwai zuwa Komadugu har Tafkin Cadi. Ɗayan ya bi tudu, daga Kano zuwa Damagaram da Damargu har ƙololuwar duwatsun Abzin. In aka haɗa su, an sami gulbi an sami dutse, kuma an sami tushen irin rubutun da baƙi masu zuwa kallon tsuntsu da namun dawa suke yi a kanmu har gobe. Ana samun su duka a intanet kyauta, saboda haka wanda ya ga na zalunce su yana iya dubawa da kansa.

Bari in fara da Buchanan, don hanyarsa ce ta ratsa ƙofar gidanmu. Mutumin Sikotilan ne, ya yi yaƙin duniya na farko a gabashin Afirka, sannan a 1920 ya zo ya tara wa wani attajiri, Lord Rothschild, tsuntsaye da dabbobi saboda gidan tarihinsa da ke Tring a Ingila. Zubin littafin mai sauƙi ne, zango bayan zango: Legas, Kano, Damagaram, farautar jimina a Damargu, Agadas, hawan dutsen Bagzan, arewacin Abzin, sai komawa gida. A wajen salo, gaskiya mutumin yana da ido. Ya san yadda ake sa mai karatu ya ji nauyin tafiyar raƙumi, da ƙishirwa, da wahalar bin sawun dabbar da ta fi ka sanin dutse. Babin jimina da na ragon dutse su ne suka fi armashi, domin a nan ne kawai marubucin yake yarda cewa akwai wanda ya fi shi wayo a dajin. Wani abin yabo kuma, nan da can yakan kawo sunan dabba da Hausa ko da Buzanci, abin da da yawa daga cikin 'yan bayansa ba su damu da yi ba.

Matsalata da littafin tun daga sunansa ta faro. Ma'anar sunan ita ce wajen duniya, arewa da Nijeriya. Wajen duniyar wa? Agadas da yake nufi garin sarauta ne tun ƙarni na 15, masallacinta mai hasumiya an fara gina shi tun farkon ƙarni na 16, kuma ayarin gishirin Bilma da fataken Gat da Tarabulus ta nan suke bi su sauka Kano. Wanda ya shigo jirgin ƙasa daga Legas shi ne ya fito daga gefe.

Amma wannan ƙaramin laifi ne in aka gwada da na biyu. Jigon da ya ratsa rabin littafin na ƙarshe shi ne kaɗaici: kwaruruka shiru, ƙauyuka kufai, gidajen dutse babu kowa. Mai karatun da ke zaune a Landan zai ɗauka haka Allah ya yi wurin, ko kuma mutanensa ne suka cinye junansu da hari. Alhali shekara uku kacal kafin zuwansa aka yi yaƙin Kawusan. Daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 Kawusan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya tsare sojojin Faransa cikin barikinsu na Agadas. Da gudummawa ta iso daga Damagaram aka karya tawayen, ramuwar da ta biyo baya ba ta bar malami ba ta bar makiyayi ba. An kashe mutane, an kwashe dabbobi, aka tattaro mazauna duwatsu aka matso da su kusa da Agadas inda idon soja zai gan su. Shirun da Buchanan ya ji a arewacin Abzin shirun bayan yaƙi ne. Ya san da tawayen, amma baƙon bariki ne, a inuwar sojan Faransa yake tafiya, don haka a alƙalaminsa kufan ya koma ado, ya zama abin da ke ƙara wa tafiyarsa kwarjini. A ganina wannan ne babban aibin littafin, kuma aibi ne na adabi kafin ya zama na siyasa: marubucin da ya iya bambance gashin tsuntsu biyu masu kama da juna, ya kasa tsayawa ya tambayi inda masu gidan suka tafi.

Alexander kuwa wani iri ne. Littafinsa ya fi nauyi, ya fi tsawo, wani wurin ma yana gundura, don ya cika shi da lissafin zango da rigimar 'yan dako. Ayarinsa ya tashi a 1904 da jiragen ruwa biyu na ƙarfe waɗanda ake kwancewa a ɗauka a ka, da sojojin rakiya, da Turawa 'yan uwan tafiya. Ƙanensa Claud ya rasu a Maifoni, wato Maiduguri ta yau, a shekarar farko. Kyaftin Gosling ya rasu a 1906 a can ƙasar Kwango. Shi kansa Alexander an kashe shi a 1910 kusa da Abeshe a wata tafiya ta daban, aka kawo gawarsa Maifoni kusa da ƙanensa. Wannan mutuwar da ke bin ayarin ta ba littafin wani nauyi da na Buchanan ba shi da shi.

Inda ya fi ƙarfi shi ne Tafkin Cadi. Ya shiga da jiragensa yana zaton teku ce, sai ya tarar da ruwa iya gwiwa, da taɓo, da ciyawa mai tsawon da ta fi mutum, da sauro, da Buduma masu gudu in sun hango shi. Watanni ya yi yana sara yana ja kafin ya sami hanyar da ta fitar da shi bakin Shari. A nan littafin yana da wani amfani da marubucin bai nufa ba. Mun saba jin cewa tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, sannan fari na shekarun 1970 da 1980 ya tsotse shi. Haka ne. To amma wahalar Alexander shaida ce cewa a farkon ƙarnin ma tafkin ya ja baya, kuma ayarin Tilho na Faransa da ya auna shi jim kaɗan bayan haka ya tarar da ɓangaren arewa yana ƙafewa. Tafki ne mai cika da janyewa tun asali. Duk mai son ya yi magana kan Cadi da gaskiya, ba da waƙar makoki kawai ba, yana bukatar waɗannan babobin. Sai dai a lura, abin da ya kira cikas shi ne rayuwar wurin. Ciyawar da ta tare masa hanya ita ce gidan dinya da kirinjijiya da zalɓe, ita ce mafakar kifi, ita ce kuma garkuwar Buduma daga masu zuwa da bindiga irinsa.

Yanzu ga maganar bindigar. Mai karatu na yau da ya ji an ce masoyin tsuntsu zai zaci mutum ne da madubin hangen nesa da littafin rubutu. Waɗannan biyun harbi suke yi. A harbo tsuntsu, a feɗe shi, a shafa wa fatar magani, a cusa auduga, a ɗaura masa takarda a ƙafa mai ɗauke da rana da wuri. Ba zan yi musu shari'a da dokar da ba ta zamaninsu ba: babu hoto mai launi, babu littafin gane tsuntsayen yankin, fatar ita ce hujja. Abin da ya dame ni shi ne abin da wannan hanya ta yi wa rubutun. Tsuntsu a shafukansu yakan rayu na ɗan layi biyu ko uku, daga an hango shi zuwa ya faɗo. Abin da yake ci, lokacin da yake zuwa, abin da zuwansa ke gaya wa manomi, duk wannan sai wanda ya zauna shekara da shekaru a wuri ɗaya yake saninsa, matafiyi kuwa gobe ya yi gaba.

Daga nan sai raɗin suna. Ragon dutsen Abzin, a littattafan kimiyya, yana ɗauke da sunan angusi tun 1921, daga Angus. Akwai tsuntsaye da dama masu laƙabin buchanani. Wani ɗan tsuntsu mai zanen fari da baƙi a ka, wanda ke tsalle a duwatsun ƙasar Hausa, sunansa goslingi, don Alexander ya so ya tuna da abokinsa. Ko shamuwa ma ba ta tsira ba, tun 1823 take amsa sunan wani gwamnan Turkawa na ƙasar Sudan, Abdim. A yi wa Alexander adalci a nan: ya sa wa wasu tsuntsaye sunan José Lopes, mutumin tsibiran Cape Verde da ya yi masa aikin harbi da fiɗa shekara da shekaru. Amma maharban Damargu da suka nuna sawun jimina, da Buzayen da suka san mashayar ragon dutse, da masuntan da suka ja jirgi cikin taɓo, ba su bar suna a kan ko fiffike ɗaya ba. Fatun kansu ma sun yi nisa da mu. A 1932 Rothschild ya sayar da mafi yawan tarinsa, fatun tsuntsu kusan 280,000, ga gidan tarihin halittu na birnin Niyok a Amurka. Ɗalibin jami'ar Yamai ko ta Damagaram da ke son ganin tsuntsun Bagzan na 1920 sai ya nemi biza.

To, ina namu rubutun? A nan ne sharhin ya juyo gida, kuma ba na jin daɗin abin da na gani. Adabinmu cike yake da tsuntsaye. Aku ne wazirin Magana Jari Ce. Ungulu da shaho da balbela da gauraka sun cika tatsuniya da karin magana da kirari. Sai dai kusan kullum aron bakinsu muke yi mu faɗi halin mutum: wannan maƙetaci, wancan mai tsafta, wancan mai girman kai. Labarin tafiya ma muna da shi. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Ingila, ya ba da nasa tun ƙarni na 19. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Dukansu Turai suka nufa, kuma mutane da birane suka kalla. Marubucinmu yakan ɗauki alƙalami in ya je inda ya ga abin mamaki, fadamar bayan gari kuwa ba ya ganin ta kai a rubuta.

Alhali sanin yana nan, a bakin waɗanda ba sa rubutu. Manomi ya san in shamuwa ta sauka kan tsamiyar gari damina ta ƙarato, kuma gaskiyarsa ne, tsuntsuwar tana bin ruwan sama ne daga kudancin Afirka ta zo nan ta yi ƙwai. Maharbin da ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya cikin ciyawa ya nazarci tafiyar burtu fiye da duk wani mai fiɗa. Masuncin Komadugu a Difa ya san agwagin da ke zuwa da sanyin hunturu su ɓace kafin bazara, ko da bai san daga Turai suke ba. Wannan sanin yana tafiya tare da abin da aka sani. Jiminar da Buchanan ya sha rana yana bi ta ƙare a dajin Nijar, saura waɗanda ake kiwo cikin shinge a wurare irin su Kelle, duk da cewa an keɓe Abzin da Tenere tun 1988. Gauraka ta yi wuyar gani a ƙasar Hausa, sai an nausa fadamun Logon ko cikin Cadi. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ke shayar da Komadugu, ya ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Yaron da bai taɓa ganin gauraka ba, me kirarinta zai gaya masa?

Saboda haka hukuncina kan littattafan biyu rabe yake. Ba zan ba yaro su ya karanta shi kaɗai ba, don zai fito yana ganin kakanninsa a matsayin 'yan dako da ɓarayin hanya. Ba kuma zan yarda a jefar da su ba, domin a cikinsu ne aka rubuta, da rana da wuri, abin da ke tashi a sararin Damargu da Yo kafin a haifi iyayenmu. Da za a ba ni zaɓi, babobi uku zan so a juya zuwa Hausa: farautar jimina, hawan Bagzan, da ratsa tafki. A ƙarƙashin kowane shafi a bar fili. A kai fassarar Tanut da Tabelot da Boso, a karanta wa tsofaffin maharba da masunta, a rubuta sunan da suke kiran kowane tsuntsu, da watan da yake zuwa, da shekarar da suka yi masa ganin ƙarshe.