Gwanintar Sauraron Yaron da Ya Yi Shiru

Yaron da abu ke cin ransa ba kasafai yake buɗe baki ya faɗa ba. A tarbiyyarmu, in babba ya tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce "ba komai." Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗan shekara tara ya koma fitsarin kwance, yarinya mai surutu ta daina magana, saurayi ya riƙa zabura cikin dare ko ya tsiri faɗa da kowa, wani kuma kullum ciwon kai da ciwon ciki, a auna a rasa cuta. A gida sai a ce ƙiriniya ce, ko taurin kai, ko iska. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa.

Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su zauna da irin wannan yaro har ya saki jiki, kuma sun cancanci a jinjina musu. A Borno, inda rikicin Boko Haram ya raba dubban yara da iyayensu tun daga 2009, aikin ya samu gwanaye. Dakta Fatima Akilu, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta kafa Gidauniyar Neem, wadda ma'aikatanta suka riƙa shiga unguwannin Maiduguri a Keke Napep suna kai wa mutane shawara har inda suke, maimakon su jira a zo musu asibiti.

Gwanintar daga zama take farawa. Ƙwararriyar ma'aikaciya ba ta tsayawa a kan yaro. Tabarma ɗaya suke hawa, a inda ana hango su amma ba a jin maganarsu. Ba ta cewa "dube ni," don ta san kawar da ido ladabi ne. Takan miƙa masa takarda da fensir, ko su yi wasa, domin abin da baki ya kasa furtawa hannu yakan zana shi. Ba ta kuma matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani. Littafin taimakon gaggawa ga masu firgici da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya taƙaita aikin a abu uku: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai samu taimako. Tonon silili ba ya ciki, domin tilasta wa yaro maimaita tashin hankali yana iya fama masa ciwo.

In ya soma magana, sai ta kiyaye harshenta. Ba ta cewa "me ya sa ba ka gudu ba?" don wannan tuhuma ce. Ba ta sa masa magana a baki da cewa "wane ne ya yi maka, ko?" Sai dai ta ce, "Ina jin ka, ɗana, sai me ya faru?" Kome munin abin da ta ji, ba ta salati da ƙarfi ko ta dafe ƙirji, don yaro na ganin babba ya razana zai haɗiye sauran. Daga baya ta rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, ba gyara.

Wuri mafi wuya shi ne lokacin da yarinya za ta ce, "Anti, zan faɗa miki, amma ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba." Mai tausayi marar horo nan take zai rantse. Gwana kuwa gaskiya take faɗa: "Ƙanwata, sirrinki ba zai zama abin hira ba. Amma in wani yana cutar da ke, ko ranki yana cikin haɗari, dole in nemo wanda zai taimake mu, kuma ke zan fara sanarwa." Yaron da manya suka sha yaudara ba ya bukatar ƙarin alkawarin da za a karya.

Haka kuma ba ta tsoron tambayar da yawancinmu ke gudu: "Ka taɓa tunanin kashe kanka?" Bincike ya nuna wannan tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In amsar "e" ce, ba za a bar shi shi kaɗai ba. Za a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da ƙwayoyi daga gidan, a hanzarta kai shi wurin likita, kamar a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri.

Sai iyaye. Matuƙar ba daga gare su cutar take fitowa ba, da su ake tafiya. Gwana ba ta raina addu'a, ba ta jayayya da malamin gidan. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne duka da ɗauri. Kowa ya tuna Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, cikinsu har da yara, wasu da mari a ƙafa. Iyaye da yawa neman gyara ne ya kai su can, don ba su san wata ƙofa ba.

A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne kacal, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Saboda haka wanda yaro zai fara buɗe wa ciki malamin makaranta ne, ko malamar Islamiyya, ko gwaggo, ko nas a ƙaramin asibiti. Su ya kamata a koya wa wannan gwaninta, kuma tana koyuwa. Ba a neme su su zama likitoci ba. A dai koya musu su saurara ba tuhuma, su faɗa wa yaro gaskiya, su san wanda za su kira tun abin bai gagara ba.