Matsayin Mazhabar Luther a Cikin Furotestan

Wanda ya hangi Kiristocin da suka ɓalle daga biyayya ga Fafaroma a ƙarni na 16, waɗanda ake kira Furotestan, ya zaci jama'a ce mai baki ɗaya, to lalle bai san saɓanin da ya shiga tsakaninsu tun tafiyar ba ta yi nisa ba. Gaskiya ne sun yi ittifaƙi a kan abin da Martin Luther, malamin jami'ar Wittenberg ta ƙasar Jamus, ya tsaya a kai bayan ƙorafinsa na 1517, wato cewa bawa yana samun tsira ta hanyar bangaskiya da alherin Allah, kuma Littafi Mai Tsarki shi ne hujjar da ke sama da fatawar kowane shugaba. Amma abin da nazari yake nunawa shi ne, mazhabar da ta buɗe wannan ƙofa ita ce ta fi sauran riƙe gadon Katolika.

Dalili kuwa yana cikin usuli. A wurin Luther, duk abin da nassi bai hana ba mubahi ne, ana iya barinsa a cikin ibada. Shi ya sa a 1522, da ya ji almajiransa sun shiga farfasa siffofi a majami'u, ya baro maɓoyarsa ta Wartburg ya tsawata musu. Zwingli na birnin Zurich da Calvin na Geneva kuwa suka ɗauki kishiyar wannan, suka ce abin da nassi bai yi umurni da shi ba bidi'a ne, har Zurich ta kwashe siffofi ta kuma dakatar da kiɗa a majami'unta. 'Yan Anabaftis suka zarce kowa, suka ce baftismar jariri ba ta inganta ba.

Inda abin ya fi tsanani shi ne mas'alar Jibin Ubangiji. A 1529 basarake Philip na Hesse, wanda yake neman haɗa kan masu gyara domin su fuskanci Sarkin Sarakuna Charles na Biyar da ƙarfi guda, ya tara Luther da Zwingli a Marburg, aka shimfiɗa mas'ala 15, suka daidaita a kan 14, ta ƙarshen kuwa ta gagara: Luther ya riƙe zahirin lafazi, cewa jikin Almasihu yana nan haƙiƙatan tare da gurasa da ruwan inabi, Zwingli ya yi tawili, ya ce alama ce ta tunawa. Mai karatu na iya ganin abin ƙarami ne, amma ga mutanen da suka jingina addininsu gaba ɗaya a kan nassi, yadda ake fahimtar jimla guda ba wasa ba ne, kuma ni ina ganin taurin kan Luther a nan ya fi dacewa da usulinsa fiye da yadda masu sukarsa suke yarda.

Siyasa ta ƙara zurfafa ramin. Sulhun Augsburg na 1555 ya amince da Katolika da mabiya Luther kaɗai, mabiya Calvin sai da suka jira sulhun Westphalia na 1648. Da Sarkin Prussia ya haɗa mabiya Luther da mabiya Calvin a 1817, wasu Lutheran suka gwammace hijira zuwa Amurka da Ostareliya. Sai a 1973, a Leuenberg ta ƙasar Suwizalan, yawancin ikilisiyoyin ɓangarorin biyu na Turai suka yarda su ci Jibi tare, ko da yake Majalisar Lutheran ta Missouri da ke Amurka da ire-irenta har yau ba sa yin haka.

A ƙasarmu Nijeriya kuwa al'amarin ya zo da sauƙi, domin lokacin da likita Niels Brønnum, mutumin Danmak, ya sauka Numan a 1913, ya zo ne ƙarƙashin Sudan United Mission, wadda ta tattara mishan na mazhabobi dabam-dabam ta raba musu yankuna. Ikilisiyar Lutheran da ta tsiro daga wannan aiki tana cikin Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya tare da ikilisiyoyin COCIN da EYN, kuma babban bishop ɗinta na lokacin, Musa Panti Filibus, shi aka zaɓa shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya a birnin Windhoek a 2017.