4.3 Sharhi a Kan Ra'ayin da ke Danganta Cika-ciki da Bukukuwan Yahudawa

A lokacin gudanar da wannan bincike a Sukuntuni da ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada, an ci karo da wani ra'ayi mai cewa wai Cika-ciki al'adar Yahudawa ce da Hausawa suka ara. Saboda haka wasu magidanta sun hana iyalinsu yin girkin wannan dare, har abin ya jawo saɓani tsakaninsu da iyayensu. A nan za a auna wannan ra'ayi a ga inda ya dace da inda ya kauce.

Hujjar farko ita ce ta rana. Ana yin Cika-ciki ne a daren tara wayewar goma ga Muharram. Su kuma Yahudawa suna da Yom Kifur, wato Ranar Kafara, ran goma ga watansu na Tishri. A wannan rana sukan yi azumin kimanin awa 25, daga faɗuwar rana zuwa daren kashegari, ba ci, ba sha, ba wanka, ba sa takalmin fata, sannan a rufe da busa ƙahon rago. Addininsu kuma ya umurce su da su ci abinci sosai ran tara kafin kama azumin. Bugu da ƙari, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura don tunawa da kuɓutar Annabi Musa daga Fir'auna. Ke nan ba za a musa dangantaka ta fuskar azumi ba.

To amma azumi daban, Cika-ciki daban. Na farko, cin da Bayahude ke yi shirin tuba ne, alhali Bahaushe yana cika cikinsa ne da fatan samun wadata a sabuwar shekara, shi ya sa ake cewa wanda bai ƙoshi a daren ba zai shekara da yunwa. Na biyu, bikin da Yahudawa ke tuna fitowa daga Masar da shi a yau shi ne Idin Ƙetarewa, wanda ke farawa ran 15 ga watan Nisan, ana cin gurasa marar yisti kwana bakwai ko takwas. Masu wannan ra'ayi sun cakuɗa bukukuwan biyu. Na uku, kalandar Yahudawa tana ƙara wata guda sau bakwai a kowace shekara 19, don haka Tishri ba ya barin damina da kaka, shi kuwa Muharram yana zagaya shekara.

Ta fuskar tarihi ma ra'ayin yana da rauni. Mai cewa an yi aro dole ya nuna hanyar da aron ya biyo, amma ba su kawo unguwa ko wurin ibadar Yahudawa a ƙasar Katsina ba. Hasali ma Shehu Magili, wanda ya zo Katsina da Kano a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), shi ne ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit a yankin Tuwat. Da wuya a ce ta hannun irinsa bikinsu ya shigo.

Daga ƙarshe, abubuwan da suka tayar da Cika-ciki a Sukuntuni, wato adana wutsiyar ragon layya don miyar wannan dare, da kuɗin shara tsakanin taubasai, da labarin Annabi Nuhu da ya haɗa ragowar guzuri bayan saukar jirgi, ba su da takwara a Yom Kifur. A ganin mai bincike, kamannin rana kawai bai isa hujjar aro ba. Mai son sukar Cika-ciki yana iya sukar almubazzaranci ko camfin da ke cikinsa, amma jingina shi ga Yahudawa zato ne.