Tuhfa a Gaban Alƙali: Tsokaci kan Shigar da Ƙara a Kotunan Shari'a na Kazaure da Kewaye

Littafin Tuhfatul Hukkam na Alƙali Abubakar Ibn Asim, mutumin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan Hijira (1426), yana cikin littattafan da alƙalan Arewacin Nijeriya suka fi dogara da su, tare da Muhtasar na Shaihu Halil. Abin dubawa a nan shi ne gwargwadon amfanin babinsa na farko ga mai shigar da ƙara a kotunan Shari'a na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura.

Ƙarfin littafin yana wajen tantance mai da'awa daga wanda ake da'awa a kansa. A rajistar kotu, wanda ya biya kuɗin sammaci shi ake rubutawa mai ƙara. Ibn Asim kuwa bai ɗauki riga zuwa a matsayin ma'auninsa na asali ba. A wurinsa mai da'awa shi ne wanda maganarsa ba ta da goyon bayan asali ko al'ada, kuma shi ne hujja ta hau kansa, rantsuwa ta hau kan wanda ya musa.

A ɗauka wata mata a Gwiwa ta nemi rabonta na gado daga gonar da ke hannun yayanta, shi kuma ya ce mahaifinsu ya ba shi kyauta. Da wannan amsar ya yarda gonar ta mahaifi ce, asali kuma shi ne ta shiga cikin dukiyar gado. Sai ya koma mai da'awa, ya tabbatar da kyautar, ya kuma tabbatar da cewa ya karɓi gonar tun mahaifin yana raye, kamar yadda mazhabar Malikiyya ta sharɗanta. Alƙalin da ya bi rajista ya nemi shaidu daga matar ya ɗora kaya a kan wanda ba nasa ba.

Haka nan littafin ya yi daidai da ya sharɗanta da'awa ta zama sananniya, tabbatacciya. Mai neman gona ya faɗi inda take da iyakokinta, mai bin bashi ya faɗi adadi. Zato ba ya tilasta wa kowa amsa.

Inda Tuhfa ta gaza kuwa ba laifin mawallafinta ba ne, domin bai san tsarin kotunan yau ba. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure da riƙon yara da waƙafi da kyauta da wasiyya da gado. A shari'ar Magaji da Matari (2000), Kotun Ƙoli ta yi hukunci, bisa makamancin wannan sashe na tsarin mulkin 1979, cewa rikicin mallakar ƙasa tsantsa ba ya cikin wannan hurumi.

Saboda haka ƙarar matar Gwiwa, da yake gado ce da kyauta, tana iya kaiwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Dutse. Amma manomin Babura da ke jayayya da maƙwabcinsa kan ciniki ko iyaka, idan ya bi wannan hanyar, ana iya rushe hukuncin bayan shekaru na wahala da kashe kuɗi, a koma gidan jiya.

Tuhfa dai tana nan a matsayinta na tushe, amma ba ta wadatar ita kaɗai. Ya kamata masu karantar da babin alƙalanci su haɗa ta da sashe na 277, domin ɗalibi ya san cewa sababin da aka rubuta ranar shigar da ƙara shi ke nuna kotun da za a kai ta gobe.